Amsa ga ɗana kan bukukuwan kaka da haɗewar nahiyoyi

Ɗana, saƙonka ya same ni bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida a Tudun Wadan Kaduna. Ka ce malaminku ya faɗa muku wata rana nahiyoyi za su sake haɗewa su zama ƙasa guda, kana tambaya ko al'adunmu na kaka, auren bayan girbi da dambe da kalankuwa, za su tsira.

Maganar malaminku tana da tushe. Sa'ad da nake koyar da labarin ƙasa, nakan yanke taswirar Afirka da ta Kudancin Amurka da almakashi in manna su a allo, sai ƙusurwar Barazil ta shige gaɓar Tekun Gini kamar an auna. Wani Bajamushe, Alfred Wegener, shi ya fito da batun cewa a da nahiyoyi ƙasa guda ce, a 1912, masana da yawa suka ƙi yarda. Waccan tsohuwar ƙasa, Panjiya, ta fara tsagewa kimanin shekara miliyan 200 da suka wuce, kwarin Binuwai ma tabon rabuwarmu da Kudancin Amurka ne. Har yau ƙasa tafiya take, 'yan santimita a shekara, kamar tsirowar farce.

To, duk al'adar da ka lissafa, damina ce uwarta. Ba a sa ranar aure bayan kaka don ado ba, sai don a lokacin ne rumbu ya cika, manomi ya sayar da gero ya ga kuɗin sadaki da lefe. 'Yan dambe ma sai an girbe suke bin garuruwa, don a lokacin ake da abin yi musu kari. Ruwan nan kuwa daga Atlantika iska ke ɗauko mana shi. Shi ya sa Legas ta fi mu ruwa, mu mun fi Sakkwato, Sakkwato ta fi Agadas.

Yanzu mu ƙaddara tekun ya rufe, Amurka ta dawo ta manne da mu. Kaduna ta zama tsakiyar tudu, hadari ya zube tun kafin ya iso mu. Masana a Jami'ar Bristol ta Ingila sun yi lissafi a 2023 cewa in haka ta faru nan da shekara miliyan 250, zafi zai riƙa kai digiri 40 zuwa 50 a wurare da yawa, kuma kashi 8 zuwa 16 cikin ɗari na ƙasar ne kawai dabbobi masu shayarwa za su iya zama. Inda babu shuka, wa zai yi kalankuwa? Abin yana taɓa zuciyata, ko da yake yana da nisa.

In ka zo hutu a Agusta, zan kai ka bakin gada ka ga Kogin Kaduna ya tumbatsa, in nuna maka ta inda hadarin ke tasowa. Ka gaida mahaifiyarka.