Kada ka bari shekara ta cika kafin ka kai ƙara

Ɗan'uwa, ka ce tsohuwar matarka ta ɗauke ɗanku daga Ingila ta tafi da shi Faransa ba da saninka ba, kana tambayar kotun da za ta yanke maganar riƙo. A ƙa'ida kotun ƙasar da yaron ya saba zama ce, wato Ingila. Ƙasashen biyu suna cikin Yarjejeniyar Hague ta 1980, wadda ta shafi dawo da yaran da aka ɗauke zuwa wata ƙasa ba da izini ba, don haka ka kai kuka ga hukumar da gwamnati ta ɗora wa wannan aiki, ita za ta nemi a dawo da shi. Dawo da shi ba ba ka riƙo ba ne fa, shari'ar ce kawai za ta koma gida.

Inda mutane suke yin asara shi ne jinkiri. Idan shekara guda ta wuce, alƙalin can yana iya ƙin maido da yaro muddin ya riga ya saba da makaranta da sabon wuri. Na ga wanda ya ɓata wata 14 yana lallashi ta waya, da ya je kotu sai aka ce ya makara. Yarjejeniyar kuma tana daina aiki da zarar yaro ya cika shekara 16.