Kada ka yi fomatin, faifanka lafiyarsa ƙalau

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena na Samaru, na ga hoton da ka turo. Ka ce ka kwafo wasu layuka ka zuba a wani fayil cikin /etc/modprobe.d don Ubuntu ɗinka ta riƙa tashi da sauri, ka buga update-initramfs -u, da ka sake kunnawa sai baƙin allo, rubutun BusyBox (ƙaramin wurin buga umarni na gaggawa), da saƙon cewa UUID kaza does not exist, wato ba a ga faifan mai wannan lambar shaida ba. Kuma wani mai gyara a Sabon Gari ya ce maka faifan ajiya ya mutu, sai fomatin. Don Allah kada ka yarda, musamman da ka ce furojet ɗinka yana ciki.

Ga abin da ya faru. Kafin kanel, wato zuciyar Linux, ya iya karanta faifanka, yana buƙatar direban faifan, wato manhajar da ke magana da shi, nvme ko ahci, ya danganta da irin kwamfutarka. To shi direban a cikin faifan yake zaune, kamar a kulle ɗaki makullin yana ciki. Shi ya sa ake haɗa wani ƙaramin ƙunshi, initramfs, wanda GRUB, manhajar da ke tayar da kwamfutar, ke lodawa tare da kanel, a cikinsa akwai direbobin da ake buƙata da farko. Wurin da mutane ke tuntuɓe shi ne, lokacin haɗa ƙunshin nan ana kwashe fayilolin modprobe.d a saka ciki. Idan a layukan da ka kwafo akwai blacklist nvme, ka hana kanel ganin faifan da kanka, kuma umarnin da ka buga ya shigar da haramcin cikin ƙunshin.

A allon da kake yanzu, rubuta cat /proc/modules, sannan ls /dev/nvme* da ls /dev/sd*. In ba ka ga faifan ba, fara buga unset MODPROBE_OPTIONS, sannan modprobe nvme, ka bi shi da modprobe ahci. A wannan allon blacklist yana hana har wanda ka kira da hannunka, amma da ka buga unset ɗin, lodin kai-tsaye kawai zai hana. In faifan ya bayyana, rubuta exit, za ta ci gaba da tashi. Amma fa in layin irin install nvme /bin/false ne, wannan dabarar ba za ta ci ba.

In haka ne, kashe ta ka kunna, ka danne Shift, ko ka riƙa taɓa Esc in kwamfutar UEFI ce, har jerin GRUB ya fito. Shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kanel. Kowane kanel da nasa ƙunshin, kuma -u kaɗai na sabon yake taɓawa, sai dai in ka haɗa da -k all. Saboda haka tsohon yakan tashi lafiya lau. Wannan ne ma dalilin da nake ta roƙon 'yan gidan nan ku daina goge tsofaffin kanel kaf don neman fili, ku bar ko guda ɗaya.

Da ka samu ka shiga, buga grep -r nvme /etc/modprobe.d ka ga fayil ɗin da layin yake. Sa alamar # a gaban layukan da ka ƙara, ko ka ɗauke fayil ɗin gaba ɗaya. Sai abin da nake so ka riƙe da kyau: gyara fayil kaɗai bai isa ba, don gurɓataccen kwafin yana nan cikin ƙunshin. Dole ka sake buga sudo update-initramfs -u -k all. Masu Fedora naku dracut -f --regenerate-all ne, masu Arch kuma mkinitcpio -P. Ka tabbata batirinka da caji kafin ka fara, ka san halin wutarmu, in aka ɗauke ana tsakiyar rubutawa wata sabuwar rigima ce. Ka kuma leƙa /etc/initramfs-tools/initramfs.conf, in ka taɓa layin MODULES ka mayar da shi most.

In duk kanel ɗin sun ƙi, sai filashi mai Ubuntu. Ka tashi da shi, ka buɗe faifan, ka fara kwashe furojet ɗinka zuwa wani wuri tukuna. Bayan nan a yi mount na faifan, a haɗa /dev da /proc da /sys, a shiga Ubuntun da ke kan faifan da umarnin chroot, a buga update-initramfs daga ciki. Wannan kada ka yi shi kai kaɗai da dare, kira ni mu bi shi layi-layi, ko ka kawo ta Kongo gobe bayan La'asar in sha Allahu.

Yanzu dai turo mini hoton abin da ls ya nuna bayan modprobe, da ainihin layukan da ka kwafo, in gani ko akwai wani abin da suka toshe bayan direban faifan.