Yadda Muke Ƙirga Gumi a Jazira

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce malaminku ya ba ku aikin nazarin ladan ma'aikatan gona da kuɗin da noma ke ci, kai kuma ka ji labarin cewa Hausawan Sudan sun kai shekara ɗari suna yi wa wasu noma a Jazira, kuma har yau da yawansu sun fi son noma-mu-raba a kan ƙodago. Shi ne kake mamaki ko lissafi ne bai ishe mu ba. Ya ishe mu, ɗana. Wanda ba shi da gonar kansa ba shi da abin kare kai da ya wuce lissafi, kuma a kambonmu, wato matsugunin ma'aikatan gona, yaro kan san nauyin kwandon auduga tun bai gama haɗa baƙi ba. Amma sai ka fara sanin filin da ake lissafin a kansa.

Kakanninmu ta hanya biyu suka zo. Wasu maniyyata ne da guzuri ya ƙare musu, suka tsaya neman na gaba, zama ya kama su. Wasu kuma sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno ne bayan an kashe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Attahiru, a Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar Sinnar, suka kora ruwa cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, don masaƙun Ingila su sami auduga mai dogon zare. An fara da faddan 300,000. Da aka haɗa da yankin Manakil wajen 1960, filin ya haura faddan miliyan 2. Faddan murabba'in mita 4,200 ne, ya ɗara eka kaɗan. An yanka ƙasar layi-layi, kowane layi faddan 90, ana ce masa nimra, a cikinsa ake fitar wa kowane manomi gonarsa, wadda ake kira hawasha.

Tun daga tushe da ƙididdiga aka gina wurin. Bayan 'yan gyare-gyare na farko, rabon kuɗin auduga ya tsaya a kan kashi 40 na gwamnati mai ruwa, kashi 40 na masu hawasha, kashi 20 na kamfanin Turawa mai gudanarwa, kafin hukumar Jazira ta karɓi aikin a 1950. Duba rabon nan da kyau, ka nemo mini mai cirar auduga a ciki. Babu shi. A tsarin farko ladansa daga kason mai hawasha yake fita, wato shi ɗawainiya ce da ake neman ragewa. A farkon shekarun 1930, da farashin auduga ya faɗi a duniya kuma cuta ta kama shuka, masu hawasha da yawa sun gudu sun bar gonaki, aka ba wasu daga cikin mutanenmu. Daga baya dokokin zama ɗan ƙasa, waɗanda aka fara kafawa a 1948, suka rufe wa mafi yawa wannan ƙofa. Sai muka zauna a kambo a gefen magudanan ruwa, mu da 'yan'uwanmu mutanen Darfur, muna sayar da ƙarfi.

Kafin 1981 asusun haɗin gwiwa ake yi: a tara kuɗin da nome audugar kowa ya ci, a cire daga cinikin gaba ɗaya, sannan a raba saura. Mai himma yana ɗauke wa malalaci nauyi ke nan. Mutane kuwa ba wawaye ba ne. Taki da ruwan da aka bayar don auduga suka riƙa zarcewa gonar dawa da gyaɗa, inda amfanin duka na mai hawasha ne, amfanin auduga ya yi mummunar faɗuwa a ƙarshen shekarun 1970. Da matsin Bankin Duniya aka koma asusun kowa da nasa, ana biyan kuɗin ƙasa da na ruwa. Dokar 2005 kuma ta sakar wa manomi mara ya shuka abin da ya ga dama. Ka riƙe wannan, domin duk wanda ya jera alƙaluman amfanin gona na waɗannan shekaru a layi ɗaya bai raba su inda dokar rabo ta canza ba, ya gwama abin da bai gwamu ba.

To, ga yadda ake biyanmu. Akwai ladan yini, wanda ku kuke kira ƙodago, galibi daga asuba zuwa hantsi ko azahar. Akwai jinga, a yi ciniki a kan nome faddan kaza. Sai cirar auduga, daga watan Janairu har zuwa Maris ko Afrilu, ita kuma da guffa, wato kwandon awo, ake biya. Guffa ratal 35 ce, guffa 9 ke yin babban kantar, ratal 315, kilo 141 da ɗoriya. Idan ka rubuta kuɗin guffa kawai a takardarka, ba ka rubuta lada ba tukuna. A cirar farko auduga ta buɗe fari fat, mace mai zafin hannu tana cika kwando nan da nan. A cirar ƙarshe sai ta yi ta laluben ƙwaya ɗai-ɗai a tsakanin busassun rassa, kwandon da a da take cikawa kafin hantsi yanzu ya kai ta la'asar. Iyayenmu mata sun san haka sarai, shi ya sa sukan ƙi sauka gona a cirar ƙarshe sai an ƙara kuɗin guffa. Abin da littafinku ke kira lada a kowace awa, su a ka suke fitar da shi. Sannan ka haɗa da abin da ba kuɗi ba: dawar da mai hawasha ke ba masu cira, da kuɗin motar da ya biya ya ɗauko su daga nesa, wanda sau da yawa bashi ne da za a zare a ƙarshe.

Kuɗin kansa kuwa ba ma yarda da shi a matsayin ma'auni. A 1992 aka kawo dinari, kowane ɗaya a bakin fam 10. A 2007 aka dawo da sabon fam, kowane ɗaya a bakin dinari 100, wato tsohon fam 1,000. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta mai da dala ɗaya daga fam 55 zuwa 375 a rana guda, kuma a Yulin shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Ina amfanin in ce maka ladan yini ya ninka sau goma? Tambayar da dattijo zai yi maka a kambo ita ce, aikin yini ɗaya dawa nawa yake saye? A awon hatsinmu, kela 12 ke yin ardab, ardab kuma buhu biyu ne. Idan bara yini uku ke kawo kela, bana sai huɗu, lada ya ragu ko da takardun kuɗin sun cika aljihu. A ganina wannan ma'auni ya fi na ofis gaskiya ga talaka, domin kwandon kayan da ake auna tsadar rayuwa da shi a birni ya ƙunshi abubuwan da mutumin kambo bai taɓa saye ba.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Zan ba ka misali da alƙaluman da na ƙaga don sauƙin fahimta, kada ka sa su a aikinka kamar bincike. A ce mutum ya karɓi faddan 5 na gyaɗa a kan raba-daidai. Allah ya ba da buhu 80. Aka cire abin da ya kai buhu 20 na huɗar tarakta, iri, kuɗin ruwa da buhunan zuba. Saura 60, kowa ya ɗauki 30. A ce shi da matarsa da 'ya'yansa, in ka tara kwanakin da kowa ya yi daga shuka a watan Yuni zuwa cira da sussuka a Nuwamba, sun kai 200. A ce kuma ladan yini 5 na ƙodago yana sayen buhu ɗaya. Da ƙodago suka yi a kwanakin nan, da buhu 40 suka samu. Ka ga a takarda ya tafka asarar buhu 10, kuma nan ne ɗalibi kan ajiye alƙalami ya ce mutanen nan ba su san ciwon kansu ba.

Amma wa ya ce ƙodagon yini 200 yana nan yana jiransa? Aikin lada a Jazira zuwa yake yi a guguje lokacin noma da cira, sannan ya ɗauke. A cikin kwanakin nan 200 akwai na yaro ɗan shekara goma sha biyu da ke tare ruwa bayan ya taso daga makaranta, akwai na tsohuwa mai tsinkar gyaɗa a zaune, waɗanda babu mai ɗaukarsu aiki a cikakken lada. Idan rabin kwanakin ne kawai za su sayu a kasuwa, abin da ya bari buhu 20 ne, ya sami 30. Ga kuma harawa, wadda kai Bakano ba sai na gaya maka darajarta da rani ba. Wanda zai kwashe ta, ko yadda za a raba, ana yanke shi tun ranar ƙulla yarjejeniya, kuma na ga an fasa ciniki a kanta. Ga kuɓewa da yakuwa da matar gida ta tsoma a gefen kunya, waɗanda ba sa shiga rabo. A shekarar da ruwa ya yi gardama, asarar ta mutum biyu ce, wanda kuwa ya karɓi hayar gona da kuɗi shi kaɗai zai sha ta.

Kada ka ɗauka ina wanke tsarin ne. Abin da ke cinye mai noma-mu-raba shi ne shel, irin falle ɗinku. Watan Agusta rumbu ya ƙare, yaro ya kwanta da zazzaɓi, sai a je wurin mai kanti a karɓi kuɗi ko kaya a kan buhu kaza da kaka. A ce ya sayar da buhu 10 tun suna cikin ƙasa a kan kashi biyu cikin uku na farashin kaka. Ya karɓi 2 zai biya 3 cikin wata uku, riba kashi 50 cikin ɗari a rubu'in shekara. Mai kanti ba zai kira shi ruwa ba, zai ce ciniki ne, amma kai mai nazari dole ka lissafa shi a matsayin kuɗin jari. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, domin gidaje da yawa gumin shekara kan ƙare a nan ne, kuma ba ya fitowa a kowane littafin ajiyar hukuma.

Za a koya muku maganar masanin tattalin arziki Alfred Marshall, cewa mai raba-daidai ba zai sa ƙarfinsa duka ba tunda rabin ƙarin kawai zai ci. Akwai gaskiya a ciki. Maimai na uku, idan zai ƙara buhu 4 amma ya ci aikin da ya kai buhu 3, ga mai gonar kansa riba ce, ga mai rabi kuwa faɗuwa ce, don 2 zai gani. Masu hawasha sun gane haka ba tare da sun karanta shi ba. Shi ya sa wasunsu ke ɗaukar rabin kuɗin taki, suna kuma neman mai iyali da yawa wanda aka sani shekara da shekaru. Abin da ke tsare ƙoƙari a wurinmu shi ne suna: wanda ya bar gona ta yi ciyawa bana, baɗi babu mai ba shi ko rabin faddan, daga wannan ƙauye har na gaba.

Na san kuma za a sa ka gwada tsarin Cobb da Douglas na 1928, wanda suka auna masana'antun Amurka daga 1899 zuwa 1922, suka sami kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ake samarwa yana komawa ga aikin hannu. Hanyar tana da amfani, ka tara bayanan gonaki masu yawa, kwamfuta ta ware maka rabon taki, na aiki da na fili. Amma a ƙasar ban-ruwa, idan ba ka sa nisan gona daga bakin magudana ba, ta ruɗe ka. Na bakin ruwa yana sha a kan kari, don haka yana da ƙarfin gwiwar zuba taki. Na wutsiya, inda laka da ciyawa suka toshe hanya, ruwa kan zo masa a makare, ba zai jefa kuɗinsa a ƙasa busasshiya ba. Sai lissafi ya nuna maka taki ne ya yi aikin duka, alhali rabin aikin na ruwa ne. Haka nan matsakaicin amfani a kowane faddan yana ɓoye wannan bambanci. Ka fitar da na sama daban, na ƙasa daban. In kuma za ka tambayi kwanakin aiki, kada ka tsaya ga maigida. Zai faɗi nasa da na babban ɗansa, ya manta da matarsa, ba don mugunta ba, don bai saba ganin nata a matsayin abin ƙirgawa ba. Ka sami mace ta tambayi mata, kuma a yi tambayar mako-mako tun ana cikin aiki, don bayan kaka kwanaki sun riga sun narke a ƙwaƙwalwa.

Duk abin da na faɗa maka na kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne. Madani, babban birnin Jazira, ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disambar shekarar, sojoji suka karɓe ta a Janairun 2025, a tsakani an wawashe taraktoci da rumbuna, mutane sun watse, kuma mazauna kambo sun sha kisa da kora. Duk alƙaluman waɗannan shekaru ka ware su gefe, kada ka haɗa su da na zaman lafiya.

Tunda Kadawa da Kura suna kusa da kai, kuma su ma ruwan madatsar Tiga suke sha ta magudana, ka je can ka gwada. Ka rubuto mini ladan yinin dashen shinkafa, da kuɗin tiyar dawa a makon da aka biya shi, na gonar bakin ruwa da na wutsiya, in gwada da namu. Ka gaida mahaifinka da mutanen gida.