Amsa: Shirya tattakin tsabtar unguwa a Nima, cikin birnin Accra na Ghana

Ƙanena, ka tambaya ta ina za ku fara shirya tattakin wayar da kai kan shara. Ku fara da manya. Ku je wa sarkin unguwa da limamin masallacin Juma'a tun kafin ku buga takarda ko guda. In liman ya yi sanarwa bayan salla, rabin aikin ya ƙare. In kuka tsallake su, ranar za ku ga iyaye sun hana 'ya'yansu fitowa.

Sannan 'yan sanda. Dokar taron jama'a ta Ghana ta 1994 ta ce a sanar da su a rubuce, aƙalla kwana 5 kafin ranar. Ku rubuta rana, lokaci, hanyar da za ku bi. Ku kai kwafi biyu, a buga wa naku hatimi, domin takarda takan ɓace a ofis.

Kada ku sa Laraba, ranar kasuwar Nima ce, hanya a cushe take. Asabar da hantsi ta fi. Ku tanadar wa masu tattakin ruwan leda, jaka ɗaya guda 30 ce. Ku ware mutum biyu masu kwashe ledojin, kada ku bar shara a bayanku.