Tambayi Likita: Abin da ke faruwa idan an haɗa ruwan magani biyu

Tambaya: Likita, an rubuta mini ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka ce kada in sha da madara. Me ya haɗa su?

Amsa: Kalsiyam da ke cikin madara yana kama maganin tun a hanji, su dunƙule su zama abin da jiki ba ya iya tsotsa, sai ya bi bayan gida ya fice. Haka maganin ƙarin jini da farin maganin ƙwannafi suke yi masa. Ki sha shi awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Idan jikin bai yi sauƙi ba, ki koma wurin likitan da ya rubuta miki.

Tambaya: Za a ɗauki hoton cikina, an ce sai na sha bariyam. Na ji ana cewa guba ne.

Amsa: Kwantar da hankalinka, Malam. Wanda yake guba shi ne mai narkewa a ruwa, irin su bariyam kulorayid. Naka bariyam salfet ne, ba ya narkewa, saboda haka ba ya shiga jini. Ka sha ruwa sosai bayan an gama, domin yakan ɗaure ciki.

Tambaya: Ɗana ya kwanta rashin lafiya, wani mai yin allura ya zo gida ya sa masa ƙarin ruwa, ya zuba allurai uku a cikin ledar. Na ga ruwan ya yi fari-fari, da na yi magana ya ce ƙarfin maganin ne ya nuna. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, 'yar'uwa, kuma wallahi tambayarki ta tayar mini da hankali. Kafin komai, ki kai yaron asibiti yau a duba shi, ko da kin ga ya warware. Ki tafi da kwalaben alluran idan suna nan.

Yawancin abin da ke cikin ledar ƙarin ruwa da kwalaben allura dangin gishiri ne. Idan irin wannan sinadari ya narke, rabuwa yake yi gida biyu, ɓangare ɗaya mai cajin fozitib, ɗaya mai cajin negatib, kowanne yana yawo shi kaɗai a cikin ruwan. Shi ya sa kike ganin ruwan garau. To da zarar an zuba wani ruwan a kai, ɓangarori huɗu, biyu daga kowane ruwa, sun haɗu a wuri ɗaya. Wani lokaci babu abin da ke faruwa. Wani lokaci kuwa ɓangaren wannan ya kama ɓangaren wancan, su yi sabon abu wanda ruwa ba ya iya narkar da shi, sai ya fito tsaki-tsaki. Wannan tsakin ne farin da kika gani. Misali, idan aka haɗa kalsiyam kulorayid da sodiyam bayikabonet a sirinji ɗaya, kalsiyam kabonet ke fitowa, wato dangin alli. Dukansu biyu magunguna ne na ceton rai, amma a asibiti ba ma bari su haɗu a robar jijiya ɗaya sai an wanke ta a tsakani.

Ƙananan hanyoyin jini na huhu sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ƙwayoyin jini ma bi da bi suke wucewa. Tsakin da ya shiga jijiya can yake zuwa ya toshe. A shekarar 2007 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan allurar ceftriaxone, mai kashe ƙwayoyin cuta, bayan mutuwar wasu jarirai da aka ba su ita tare da ruwa mai kalsiyam, aka kuma sami tsakin a huhunsu da ƙodarsu. Har yau ba a ba jariri ɗan ƙasa da kwana 28 wannan allura idan yana karɓar kalsiyam ta jijiya. Ruwan Ringa, wani irin ƙarin ruwa da ake yawan sawa, akwai kalsiyam a cikinsa, don haka ko ga babba ba a narka ceftriaxone a ciki.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai yin alluran ya ga alamar haɗari ƙuru-ƙuru, ya mai da ita abin yabo. Ruwan jijiya da aka san shi garau, idan ya canza launi ko ya yi hazo, cire shi ake yi nan take. Kuma rashin ganin hazo ba shaida ba ce, domin wani tsakin ido ba ya ganinsa, wani kuma sai bayan wani lokaci yake fitowa. Idan kin ga yaron yana numfashi da sauri, ko leɓensa ya yi duhu, ko fitsarinsa ya ragu, kada ki jira gari ya waye. Kada ki sake bari a sa masa ƙarin ruwa a gida.

Tambaya: Ina haɗa bilic, ruwan nan mai sa tufafi su yi fari, da ruwan wanke masai don banɗaki ya fi fita, amma sai in yi ta tari.

Amsa: Ki daina daga yau, don Allah! Yawancin ruwan wanke masai asid ne, kuma idan ya haɗu da bilic iskar kulorin ke tashi, irin wadda aka kashe sojoji da ita a yaƙin duniya na farko a 1915. Tarin nan huhunki ne ke ƙonewa. Haka ma bilic da abin goge-goge mai amoniya, wata iskar mai guba suke fitarwa. Ki yi amfani da ɗaya kawai, ki ɗauraye da ruwa, ki bar taga a buɗe. Idan kin riga kin shaƙa, fita waje ki sha iska, ki wanke idanunki da ruwa mai yawa. In ƙirji ya riƙe ko numfashi ya yi wuya, ki tafi asibiti nan da nan, musamman idan kina da asma, domin wani lokaci sai bayan awoyi ruwa ke taruwa a huhu.