Kuɗinsa na hannuna, nawa na cikin gininsa: zan iya cirewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mijina ya yi mini saki na uku, muna da yara biyu, ƙaramin yana shan nono. Lokacin da muke tare na ba shi kuɗin gadona ya ƙarasa ginin gidansa. Manya sun zauna don sulhu an tashi baram-baram, ya dage wai kyauta na yi masa. To akwai kuɗin kasuwancinsa da ya ajiye a asusuna na banki. Ya halatta in cire haƙƙina in mayar masa da saura?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa.

Akwai kalma ɗaya a bayaninki da ba ki lura da nauyinta ba: ya ce "kyauta" ce. Wanda ya faɗi haka ya amsa cewa kuɗin sun shiga hannunsa. A wurin malamai da yawa asali shi ne mutum ba ya sadaukar da dukiyarsa, don haka mai da'awar kyauta shi ake nema ya kawo hujja, in ya gaza ki rantse. Manyan da suka ji ya faɗa da bakinsa sun zama shaidu, zaman bai tashi a banza ba. Ki adana takardar tura kuɗin da duk saƙon da kuka yi musaya a waya, ki kai ƙara gaban alƙali.

Ci da sha da suturar yara a kan ubansu suke, babu saɓani. Kina kuma da haƙƙin ya biya ki ladan shayarwa, kamar yadda aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta faɗa. Ciyar da ke kanki ya yanke sai in kina da ciki, amma a wurin Imamu Malik kina da mazauni har idda ta cika.

Batun cirewa kuwa, ban ba ki fatawa da shi ba. Na san za a ce miki Shafi'iyya sun halatta, har wasu masu sharhi daga Malikiyya sun rinjayar da hakan, hujjarsu kuma hadisin Hindu matar Abu Sufyan, da Annabi (SAW) ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta ita da ɗanta bisa adalci. Amma dalilin haƙƙin Hindu a fili yake, kowa ya san matarsa ce, ba wanda zai kira ta ɓarauniya. Naki bashi ne da ake jayayya a kansa, sai ki zama ke ce mai ƙara ke ce alƙali. Sannan kuɗin nan amana ya ba ki, hadisin Abu Dawud da Tirmizi kuwa ya ce ka mayar da amana ga mai ita, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Shi ya sa Shehu Khalil, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, ya hana ɗauka daga ajiya ko da mai ajiyar ya zalunce ka. Ko masu halattawar ma sun shardanta amintuwa daga fitina da zargi, ke kuma kotu na nan a buɗe. Ranar da kika taɓa kuɗin, ƙarar ta juya kanki.

Abin da ya fi shi ne ki sanar da alƙali ajiyar, ki nemi ya tsare ta har a yanke hukunci.

Sai ki tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah: ranar da kika miƙa kuɗin, me kika nufa? In kyauta kika yi, ɓacin rai ba ya mayar da ita bashi, kuma hukuncin alƙali ba ya halatta haram. Kada kuma ki hana shi ganin 'ya'yansa don ki matsa masa ya biya, rigimar ba tasu ba ce.

Wallahu a'alam.