Dutsen sama ba tauraruwa mai wutsiya ba ne

Tambaya: Malam, na ji ana labarin wasu duwatsu masu wuyar samu da ke yawo a sararin samaniya, mai fassara ya kira su "taurari masu wutsiya". Shin su ne na karin maganar nan, "tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba"? Kuma yaya ake sanin irin dutsen da ba a taɓa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ba su ba ne, kuma wannan fassara tana damuna. Tauraruwa mai wutsiya curin ƙanƙara ce da ƙura, in ta kusanci rana sai ta yi tururi, wutsiyar ta bayyana. Kakanninmu sun gan ta da ido, suka ɗauke ta alamar musiba, shi ya sa ake jifan mutumin da zuwansa ba ya kawo daɗi da wannan magana.

Waɗanda ka ji labarinsu kuwa duwatsu ne da ƙarafa, akasarinsu suna kewaya rana tsakanin Mirrihi da Mushtari, wato Mas da Jufita. Giuseppe Piazzi ya gano na farko, Ceres, a 1801. A 1802 William Herschel ya raɗa musu sunan astaroyid, daga Girkanci, ma'ana "mai kama da tauraro", don a madubin hangen nesa ɗigon haske kawai suke. To kama da wane ba ta wane. Ni "dutsen sararin samaniya" nake cewa.

Tambayarka ta biyu ta fi zaƙi, kuma Bahaushe ya amsa ta tuntuni: labarin zuciya a tambayi fuska. Dutsen ba shi da hasken kansa, na rana yake maidowa. Sai a raba hasken nan launi-launi da na'ura, a duba inda ya ragu, domin kowane ma'adini da irin launin da yake shanyewa. Da haka aka kasa su aji-aji. Ajin C, baƙaƙe masu sinadarin gawayi, su ne kusan kashi uku cikin huɗu. Ajin S na biye.

Ajin A na cikin masu wuyar samu. A cikinsa akwai duwatsun da ake kira 246 Asporina da 289 Nenetta da 446 Aeternitas, kowanne da lambar rajistarsa a gaban sunansa. Haskensu ya karkata ga ja sosai, kuma yana nuna olibin kusan zalla, koren ma'adinin da tsabtataccensa ake kira zabarjadi. Masana na ganin gutsattsarin wasu manyan duwatsu ne da suka narke tun farkon zamani, ƙarfe ya nutse can ƙwarya, olibin ya lulluɓe shi, daga baya karo ya tarwatsa su. Abin da ke ɗaure musu kai shi ne, gutsattsarin ƙarfen suna faɗowa duniya da yawa, amma na olibin da ya kamata su fi yawa sun yi ƙaranci, har yau ana binciken inda suka shiga.